Wasa 42 kacal: rauni ne ya tsayar da Moses Fleetwood Walker ko launin fata?

Baban Yusra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san ƙwallon ƙafa muka saba tattaunawa, amma yau ku yi mini haƙuri in kawo wani wasa daban. Shekara tara ke nan ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma sai kwanan nan na san labarin wani ɗan wasan besbol ɗan asalin jihar, Moses Fleetwood Walker. Baƙar fata ne, an haife shi a garin Mount Pleasant ranar 7 ga Oktoba 1856. Aikinsa a fili shi ne cafe ƙwallo, wato mutumin nan da ke bayan mai riƙe da sanda. A 1884 ya buga wa ƙungiyar Toledo Blue Stockings wasa 42 a babbar gasa, daga nan bai sake taka filin babbar gasa ba har ya bar duniya. Bayan shi da ƙanensa Weldy, sai da aka yi shekara 63 kafin wani baƙar fata ya sake shiga, wato Jackie Robinson a 1947. Mun yi gardama da wani abokin aikina. Shi ya ce rauni ne ya kawar da Walker kamar yadda ya kawar da masu cafe da yawa a zamanin, ni kuma na ce launin fatarsa ne. Ina so in ji ta bakinku.

Nura Gola:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin mu sa baki, a ɗan fayyace mana aikin mai cafen nan. Kamar mai tsaron gida yake a wajenmu?

Baban Yusra:
Akwai kama, Nura, amma nasa ya fi yawa. Mai jifa yana tsaye a tsakiyar fili, yana wurgo ƙwallo mai tauri da iya ƙarfinsa. Mai sanda yana ƙoƙarin ya doke ta. Duk wadda ta wuce sandar, mai cafe ne zai tare ta. Kuma shi ne yake zaɓar irin jifar da za a yi: yana yi wa mai jifa ishara da yatsu, ko ya turo mai gudu kai tsaye, ko ya turo mai lanƙwasawa a iska. Idan wani ɗan ƙungiyar hamayya ya yi yunƙurin satar hanya zuwa tasha ta gaba, wato ɗaya daga cikin wuraren da ɗan wasa yake zagayawa da gudu don ya ci maki, shi ne zai wurga ƙwallo a riga shi isa. Shi kaɗai ne a cikin mutum tara yake fuskantar filin gaba ɗaya.

Malam Habibu:
Salamu alaikum. Ina karantar da motsa jiki, kuma na ɗan bibiyi tarihin kayan kariyar 'yan wasa, don haka bari in tsaya a ɓangaren abokin aikinka, Baban Yusra, ko da na ɗan lokaci ne. Mai cafe na yau da kake gani a talabijin a lulluɓe yake tun daga kai har ƙafa. Na 1884 ba haka yake ba. Takunkumin waya na fuska bai fi shekara bakwai da fitowa ba a lokacin: Fred Thayer na jami'ar Harvard ne ya ƙirƙiro shi, James Tyng ya fara sa shi a 1877. Kafin nan wasu roba suke cizawa a baki don kada haƙora su zube. Kariyar ƙirji a lokacin take fara shigowa. Kariyar ƙwauri kuwa sai a 1907 Roger Bresnahan ya fito da ita fili a babbar gasa, har 'yan kallo suka riƙa yi masa tsiya. Hannu fa? Ko dai hannu tsirara, ko 'yar siririyar safar fata da aka yanke wa yatsu. Tazarar mai jifa kuma ƙafa 50 ce, ba ƙafa 60 da inci 6 na yanzu ba, wanda aka kafa a 1893.

Saboda haka mai cafe na wancan zamani ba tsugunne yake yini ba kamar na yau. Idan ba kowa a kan tasha, yakan ja da baya ya bar ƙwallo ta daki ƙasa sannan ya kama. Sai wasa ya yi zafi yake matsowa dab da mai sanda, kuma a nan ne ake karyewa. Ƙwallon da ta gogi sanda ta canza hanya ba ta ba mutum lokacin kaucewa. Ita ce ta karya wa Walker haƙarƙari a watan Yuli na 1884. Bayan haka wasanni kaɗan ya buga, na ƙarshe ranar 4 ga Satumba, kuma kafin watan ya ƙare ƙungiyar ta sallame shi. Ba a riƙe mai rauni a zamanin ana biyansa albashi, fari ne ko baƙi.

Nura Gola:
Wannan na gane shi a jikina. Na yi shekara shida ina tsaron gida a ƙungiyar unguwa, yawanci ba safar hannu. Ƙaramin yatsana na hagu har yau bai miƙe ba. Kuma wannan ƙwallon ƙafa ce mai iska a ciki. Wadda Malam yake faɗa kuwa dunƙulalliya ce kamar dutse. Mutumin da ya tare ta sau ɗari a yini da tafin hannu, washegari ya dawo, ni dai na sara masa.

Hajiya Binta:
Malam Habibu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ina da tambaya ɗaya. Idan rauni ne ya gama da shi a 1884, ya aka yi ya ci gaba da cafe ƙwallo har 1889? Ya buga a Cleveland, ya buga a Waterbury, ya buga a Newark a 1887, ya ƙare a Syracuse. Shekara biyar cur yana wannan aikin a ƙananan gasanni. Haƙarƙarin ya warke. Abin da bai sake samu ba shi ne kira daga babbar gasa.

Malam Habibu:
Hajiya, ba kowane wanda ya warke ake sake kira ba. Ki tuna 1884 shekara ce ta daban. Manyan gasanni uku ne suka gudana a lokaci guda: National League, da American Association, da wata sabuwa, Union Association, wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba. American Association kanta ta faɗaɗa ta ɗebo ƙungiyoyi irin su Toledo, da kakar ta ƙare ta koma takwas, Toledo ta fita. 'Yan wasa da yawa farare sun ɗanɗani babbar gasa a shekarar nan kaɗai, suka koma ƙasa. Kujeru ne suka ragu.

Baban Yusra:
To Malam, ga abin da ya sa na kasa yarda da abokin aikina, kuma shi zan ajiye a gabanka. A wannan ƙungiya ta Toledo, a wannan shekara, akwai wani mai cafe da suke karɓa-karɓa da Walker. Sunansa Deacon McGuire, farar fata, shi ma a shekarar ya fara. Walker ya tsaya da sanda sau 152, ya samu bugu mai kyau 40, wato kusan 26 cikin 100, abin da ya ɗara matsakaicin gasar. McGuire bai kai 19 cikin 100 ba. Ƙungiya ɗaya, aiki ɗaya, masu jifa ɗaya. Da Toledo ta watse, McGuire ya samu wata ƙungiyar, daga nan wata, har sai da ya bayyana a kaka 26 ta babbar gasa, wasansa na ƙarshe a 1912. Kuma kada a ce shi bai ji rauni ba. An ɗauki hoton ƙasusuwan hannunsa daga baya, jaridu suka buga, yatsun duk a karkace saboda yawan karaya. Ana ba da labarin yana cusa ɗanyen nama a cikin safarsa don ya rage raɗaɗi. Shi karayarsa ba ta hana a ɗauke shi ba. Kujerun da suka ragu, ya aka yi ɗaya ta ishi wanda ya fi rauni a bugu, ba ta ishi wanda ya fi shi ba?

Malam Habibu:
Wannan hujja ce mai nauyi, ban musa ba. Abin da zan ƙara kawai, McGuire yana da shekara 20 a lokacin, Walker yana da 27. Mai ƙungiya yakan zuba jari a kan yaro.

Hajiya Binta:
Shekara 27 ai ganiyar ƙarfin ɗan wasa ke nan, Malam.

Abba Ƙarami:
Salam iyayena da yayyena. Ni abin da na taɓa karantawa shi ne mai jifar ƙungiyarsa ma ba ya shiri da shi. Gaskiya ne?

Baban Yusra:
Gaskiya ne Abba, kuma daga bakin mai jifar labarin ya fito. Sunansa Tony Mullane, haifaffen Ailan, gwani ne ƙwarai, yana iya jifa da hannun dama da na hagu, kuma ya ci wa Toledo wasa 36 a kakar nan. Bayan shekaru masu yawa ya faɗa da kansa cewa Walker ne mai cafe mafi iyawa da ya taɓa aiki da shi, amma shi ba ya son baƙar fata, don haka ba ya duban ishararsa, abin da ya ga dama yake jefowa. Ya ce wata rana Walker ya nemi mai lanƙwasawa, shi kuma ya turo masa mai gudu. Walker ya cafe, ya tako har inda yake, ya gaya masa cewa ya yarda zai riƙa tare masa ba tare da ishara ba, amma ba zai lamunci ya ba da ishara a saɓa masa ba. Haka suka ƙarasa kakar, yana tarar ƙwallon da bai san ta inda za ta ɓullo ba.

Nura Gola:
Innalillahi. Yaya, ka san me wannan yake nufi ga mai kama ƙwallo? Rabin aikin gola sanin inda za ta bi ne kafin ta taso. Idan ka san za ta lanƙwasa, hannunka yana can yana jiranta, tafin hannu ne zai karɓe ta. Idan ba ka sani ba, kan yatsa ne zai gamu da ita. Malam Habibu, da girmamawa, a nan rarrabewar da kake yi tsakanin rauni da wariya ta rushe. Wanda abokin wasansa yake jefo masa ƙwallo a makance, ai ƙiyayyar ce take komawa ciwo a jikinsa.

Malam Habibu:
Nura, na karɓi wannan, kuma ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sai dai mu yi adalci: karayar haƙarƙarin daga ƙwallon da ta gogi sanda ce, irin wadda take samun kowa. Amma yawan dukan da yatsu da ƙirji suke sha a kaka guda, lallai wanda ba a bin ishararsa zai fi shan sa.

Alhaji Lawan:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ina ta karantawa tun ɗazu. Ni ban san besbol ba, amma na san mutane. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wannan Mullane. Mutum ya shaida da bakinsa cewa wane ya fi kowa iya aiki, kuma a numfashi guda ya ce ba ya ƙaunarsa saboda fatarsa. Wannan ba jahilci ba ne, domin ya gani da idonsa. Ya sani, ya zaɓi ƙin. To idan wanda suke cin abinci daga akushi ɗaya haka yake, me ake tsammani daga na waje?

Hajiya Binta:
Baba, na waje kam sun nuna hali. Tun 1881, yana ɗalibi, ya bi wata ƙungiyar Cleveland zuwa Louisville a jihar Kentucky, 'yan wasan garin suka ƙi yarda ya buga. Wasansa na farko a babbar gasa ma, ranar 1 ga Mayu 1884, a Louisville ɗin aka yi shi, cikin ihu da zagi. A watan Satumba na shekarar aka aiko wa manajan Toledo, Charlie Morton, wasiƙa daga Richmond ta jihar Virginia, cewa akwai mutum 75 da suka yi rantsuwa za su far wa Walker idan ya shigo fili da rigar wasa. Bai je ba, domin rauni ya riga ya ajiye shi.

Amma wanda aka fi ambata shi ne Cap Anson, kyaftin kuma manajan Chicago White Stockings, wanda ya fi kowa suna a wasan a lokacin. Ranar 10 ga Agusta 1883 Chicago ta zo Toledo wasan sada zumunci. Anson ya ce ba za su buga ba muddin Walker yana fili. Abin sha'awa, Morton da ma ya yi niyyar hutar da Walker a ranar saboda hannunsa yana ciwo. Da ya ji wannan magana sai ya sa shi a wasan, ya tsayar da shi a bayan fili, ya ce wa Anson in ya janye to ya yi asarar kasonsa na kuɗin ƙofa. Anson ya buga.

Abba Ƙarami:
To ashe akwai masu tsaya masa. Wannan Morton namiji ne.

Hajiya Binta:
Akwai, Abba, kuma bai kamata a manta da su ba. Amma duba abin da ya faru bayan shekara huɗu. A 1887 Walker yana Newark tare da George Stovey, baƙar fata mai jifa da hagu wanda ya ci wasa sama da 30 a kakar nan. Mai jifa baƙi, mai cafe baƙi, a ƙungiyar farare. Ranar 14 ga Yuli Chicago ta zo wasan sada zumunci, wannan karon Stovey da Walker ba su buga ba. Kuma a wannan ranar masu ƙungiyoyin International League suka zauna a Buffalo, suka kaɗa ƙuri'a shida da huɗu cewa ba za a sake amincewa da sabon kwantiragin baƙar fata ba. A 1883 Anson ya yi barazana an taka masa burki. A 1887 ya samu yadda yake so.

Sadiya M.:
Ina so in ɗan saɓa wa Anti Binta a kan Anson. Ba wai ina wanke shi ba ne, halinsa a bayyane yake. Amma idan aka ɗora komai a kansa, sai sauran su sulale. Anson ba shi da ƙuri'a a taron Buffalo. Waɗanda suka kaɗa ta masu kuɗi ne da suka lissafa cewa rasa 'yan wasa baƙaƙe ƙalilan ya fi musu sauƙi a kan rigima da fararen 'yan wasansu. A wannan gasar akwai Frank Grant a Buffalo da Bud Fowler a Binghamton, dukansu gwanaye, kuma ana ba da labarin sai da suka riƙa ɗaura katako a ƙwauri saboda masu gudu suna auna su da ƙusoshin takalmi da gangan. Manyan gasannin biyu kuwa ko rubuta dokar ba su yi ba. Shiru kawai aka yi aka daina ɗauka. Kuma ƙasar gaba ɗaya can ta nufa: a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba farare da baƙaƙe a shari'ar Plessy da Ferguson.

Hajiya Binta:
Ban ƙi ta taki ba, Sadiya. Amma babban mutum idan ya fara abu a bainar jama'a, yana ba ƙanana ƙarfin gwiwa. Shi ya sa sunansa ba zai fita daga labarin ba. Kuma an sa shi a zauren karrama gwarzayen besbol tun 1939. Grant sai 2006, Fowler sai 2022. Walker har yanzu ba ya ciki.

Malam Habibu:
Maganar Sadiya ta tuna mini wani abu da ya kamata in faɗa, ko da yake yana rusa matsayina na farko. Babu wata ƙungiyar babbar gasa da ta taɓa ɗauko Walker daga waje. Toledo ta ɗauke shi a 1883 tana ƙaramar gasa, Northwestern League, suka ci kofi, sannan ƙungiyar ta hau sama da shi a cikinta. Wato shigarsa ma ta ƙofar gefe ce. Da ƙungiyar ta faɗi, sai ya zama dole wani ya miƙa hannu ya ce ina son wannan, kuma ba wanda ya ɗauke shi. Don haka ga inda na tsaya yanzu: rauni ne ya ƙayyade wasanninsa na 1884 suka tsaya a 42, amma ba rauni ne ya sa 1884 ta zama ta farko kuma ta ƙarshe ba.

Abba Ƙarami:
Wata tambaya kuma. An ce shi ne baƙar fata na farko a babbar gasa, amma na ga wasu suna ambatar wani daban.

Sadiya M.:
William Edward White ke nan. Ɗalibin jami'ar Brown ne, ya buga wa Providence Grays wasa ɗaya tak ranar 21 ga Yuni 1879. Masu bincike sun gano an haife shi a Georgia, mahaifinsa farar fata mai bayi, mahaifiyarsa baiwa. Amma ya rayu ana ɗaukarsa farar fata. Shi ya sa da yawa suke cewa Walker ne na farko da ya shiga fili kowa ya san shi baƙi ne, ya kuma ɗauki abin da ya biyo baya.

Alhaji Lawan:
Baban Yusra, ka ce ɗalibi ne. Wane irin gida ya fito? Kuma da ya bar wasa me ya zama?

Baban Yusra:
Ranka ya daɗe, gidan ilimi ne. Mahaifinsa ya fara da sana'ar ƙera ganguna na katako, daga baya ya zama likita, kuma limamin coci. Garin da aka haife shi, Mount Pleasant, ya yi suna wajen ɓoye bayin da suka gudo daga kudu. Ya yi karatu a kwalejin Oberlin, wadda take karɓar baƙaƙe tun 1835, ya buga a ƙungiyar besbol ɗinta ta 1881, sannan ya koma jami'ar Michigan ya karanci shari'a yana buga musu wasa.

Bayan wasa kuwa rayuwarsa ta yi hawa da sauka, kuma ba zan ɓoye muku ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Syracuse ta sallame shi a Agusta 1889, kuma International League ba ta sake ganin baƙar fata ba sai da Robinson ya je Montreal a 1946. A Afrilu 1891 wasu farare suka tare shi a titi a Syracuse, aka jefe shi da dutse a kai, ya zaro wuƙa ya soki ɗaya mai suna Patrick Murray, mutumin ya mutu. Aka gurfanar da shi kan kisa. Mutum 12 da kotu ta zaɓa su yanke hukunci, dukansu farare, suka wanke shi a watan Yuni. A 1898 kuma, yana aikin gidan waya, aka same shi da laifin satar wasiƙu, ya yi shekara ɗaya a kurkuku. Bayan ya fito ya riƙe gidan wasan kwaikwayo da nuna majigi a garin Cadiz shekaru masu yawa. Mutum ne mai ƙirƙira, yana da rajistar mallakar fasaha a kan wani harsashin igwa, da wasu na'urorin sauya faifan majigi.

Sadiya M.:
Kada a bar littafinsa, Yaya. A 1908 ya wallafa Our Home Colony, inda ya ce baƙaƙen Amurka ba za su taɓa samun daidaito a ƙasar ba, mafita ita ce su koma Afirka. Shi da Weldy sun kuma fitar da jarida mai suna The Equator, kuma sun yi aikin shirya wa masu son ƙaura zuwa Laberiya. Weldy ɗin ma ba mai shiru ba ne. Wasa biyar kawai ya buga wa Toledo a 1884, amma a 1888 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban wata ƙaramar gasa yana ƙalubalantar dokar hana baƙaƙe, aka buga ta a jaridar wasanni.

Nura Gola:
Ni wannan littafin yana ba ni baƙin ciki. Kamar ya sallama ne. Mutumin da ya tsaya gaban Anson, ya tare wa Mullane ƙwallo a makance, a ƙarshe ya ce a tattara a bar musu ƙasar.

Hajiya Binta:
Ni ban kira shi sallamawa ba, Nura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan mutum ya yi duk abin da ake cewa baƙar fata ya yi don a karɓe shi: ya yi boko har jami'a, ya ƙware a sana'arsa har maƙiyinsa ya yaba, ya zauna da farare a makaranta da fili. Ya ga da idonsa ƙofar da take a ɗan buɗe yana saurayi an rufe ta ruf yana da shekara 30 da 'yan kai. A 1908 ana rataye baƙaƙe a kudu ba shari'a, an ƙwace musu ƙuri'a. Wanda ya rubuta haka a wannan lokaci, abin da ya gani ya faɗa.

Nura Gola:
Na ji, Hajiya, amma da kowa ya bi shawararsa da ba a samu Robinson ba. Waɗanda suka zauna suka kafa gasanninsu na baƙaƙe, su suka riƙe wasan har ƙofar ta sake buɗewa.

Malam Habibu:
Kuma da ta buɗe, a wannan gurbi nasa na cafe aka ga abin da aka yi asara. Roy Campanella ya shiga Brooklyn Dodgers a 1948, ya zama gwarzon National League sau uku, a 1951 da 1953 da 1955. Kafin shi akwai Josh Gibson, mai cafe da ake sa shi cikin mafiya ƙarfin bugu a tarihin wasan, wanda ya rasu a Janairu 1947, wata uku kafin Robinson ya fara, bai taɓa samun damar ba. Tsakanin Walker da Campanella shekara 64 ne.

Alhaji Lawan:
To shi da ya yi kiran a koma Afirka, ya zo?

Baban Yusra:
Bai zo ba, Baba. Ya rasu a Cleveland ranar 11 ga Mayu 1924 yana da shekara 67, ciwon huhu ne ajalinsa. An binne shi a maƙabartar Union da ke Steubenville, garin da ya taso. Weldy ya bi shi a 1937, shi ma can aka kai shi. Kabarin Walker ya yi sama da shekara 60 ba ko alamar suna, sai daga baya mutanen tsohuwar kwalejinsa ta Oberlin suka kafa masa dutse.

Abba Ƙarami:
Yaya, garuruwan nan suna da nisa da inda kake?

Baban Yusra:
Ba su da nisa sosai. Daga Columbus zuwa Steubenville tafiyar awa biyu da rabi ce a mota, kuma Cadiz da Mount Pleasant duk a wannan yankin gabashin jihar suke. Na yi niyyar in ɗauki yara mu je idan an yi hutun makaranta, in sha Allahu. Zan gayyaci abokin aikin nawa ma, domin har yanzu bai ji labarin McGuire ba.

Nura Gola:
Idan ka tashi gaya masa, Yaya, ka haɗa da na Mullane. Kuma don Allah in ka samu hoton hannun McGuire ɗin nan ka turo mana, ina so in nuna wa yaran da nake koya wa tsaron gida.